RUMBUN TSIMI: TANADIN ABINCI DOMIN RANAR BUKATA

Gabatarwa

Kowace shekara, da zarar kaka ta yi, kasuwannin Jihar Neja sukan cika maƙil da amfanin gona. Motoci su yi ta lodin doya a Paiko da Gwada, shinkafa a Bida da Wushishi, masara da dawa a Kontagora, farashi kuma ya sauka har manomi ya riƙa ƙorafi. Bayan wata shida ko bakwai, sa'ad da damina ta kankama, tsohon hatsi ya ƙare, sabo bai nuna ba, sai a tarar manomin nan da ya sayar da arha ya koma kasuwa yana awo da tsada. Wannan a shekarar lafiya ke nan. Idan kuwa aka yi fari, ko ambaliya, ko annoba, ko wata fitina da ta hana mutane fita nema, gidan da ba shi da ajiya yakan shiga halin ƙaƙa-nika-yi cikin 'yan kwanaki.

An shirya wannan ɗan littafi ne domin a bayyana wa jama'a yadda gwamnati take ajiye hatsi a manyan rumbunanta, irin wanda yake Minna, da iyakar abin da waɗannan rumbuna za su iya yi, sa'an nan a nuna wa kowane maigida da uwargida yadda za su ajiye nasu abincin ya daɗe bai lalace ba. Mai karatu zai ga cewa ƙa'idar da ake bi a rumbun ƙarfe mai cin dubban buhuna ita ce dai ake bi a rumbun ƙasa, ko a duro guda da ke bayan ɗaki.

Abin Da Mutanen Dā Suka Sani

Tanadin abinci tsohuwar al'ada ce a ƙasar nan. A zamanin gandu, maigida mai hangen nesa yakan ware rumbu guda wanda ba a taɓa shi sai wuya ta yi wuya. Shi ne ake kira rumbun tsimi. Akan zuba gero da dawa a cikinsa a dami, ba tare da an sussuke ba, domin hatsin da ke jikin zangarniya ya fi tsaba jimrewa, yakan kai shekara biyu ko uku a ƙasar da ba ta da laima. Musulmi da Kirista duka sun san labarin Annabi Yusufu, wanda ya tara abincin shekaru bakwai na ƙoshi a Masar domin shekaru bakwai na yunwa.

Wahala ce ta koya wa mutane wannan dabara. Tsofaffi sun ba da labarin yunwar 1914 da aka yi wa laƙabi da Kakalaba, da ta 1942 da ake kira 'Yar Gusau. Akwai kuma da yawa a raye waɗanda suka ga farin 1973, lokacin da gonaki suka ƙone, dabbobi suka mutu da yawa a arewacin Nijeriya da Jamhuriyar Nijar, da kuma farin 1984 wanda ya biyo baya.

Masifun wannan zamani sun ɗan sauya kama. Ambaliyar 2012 ta hallaka mutum 363 a faɗin ƙasar nan, ta raba fiye da mutum miliyan 2 da muhallinsu. Ta 2022 ta ci rayuka sama da 600. A ranar 29 ga Mayu 2025 ruwa ya auka wa garin Mokwa na Jihar Neja da asuba, ya kashe mutum fiye da 150, ya rushe gidaje, ya lalata gadoji da hanyoyi. A 2020 annobar korona ta sa an kulle garuruwa, an rufe kasuwanni. A cikin shekarun nan kuma hare-haren 'yan bindiga sun kori manoma daga ƙauyukansu a ƙananan hukumomin Shiroro da Munya da Rafi. Ko wace iri ce daga cikin waɗannan, abin da yakan fara yankewa shi ne hanyar da abinci yake bi ya iso gida.

Rumbun Gwamnati Na Minna

Garin Minna ya daɗe da alaƙa da harkar hatsi. Yana kan hanyar jirgin ƙasa tun lokacin da aka shimfiɗa dogo daga Baro zuwa Kano, wanda aka gama a 1911, yana kuma tsakanin ƙasar gero da dawa ta arewa da ƙasar doya ta kudu. Lokacin da Gwamnatin Tarayya ta kafa Hukumar Hatsi ta Nijeriya a 1977, a Minna aka ajiye hedkwatarta. An rushe wannan hukuma a 1986 tare da sauran hukumomin cinikin amfanin gona, sa'an nan a 1987 aka ƙaddamar da shirin ajiyar abinci na ƙasa. A ƙarƙashin wannan shiri ne aka gina manyan rumbunan ƙarfe a sassan ƙasar nan. Na Minna yana cikin na farko-farko, kuma yana iya ɗaukar tan 25,000, watau buhu 250,000 mai kilo 100.

Hatsi ba ya shiga irin wannan rumbu kai tsaye daga mota. Da farko akan auna nauyin motar a kan babban sikeli. Sa'an nan ma'aikata su ɗebi samfur daga buhuna dabam-dabam su auna yawan danshin da ke cikinsa, su duba ƙazanta da ƙwari. Wanda bai cika ƙa'ida ba a mayar da shi. Wanda aka karɓa kuwa sai ya bi ta injin da ke fitar da ƙura da ƙaiƙayi da tsakuwa, in da bukata a busar da shi, kafin a hau da shi cikin rumbu. Bayan an zuba, akan riƙa auna zafin cikinsa, domin hatsin da ya soma ɗumi alama ce ta danshi ko ƙwari, akan kuma hura masa iska daga ƙasa. In ya ɗauki lokaci a fitar da tsoho a zuba sabo.

An ga amfanin wannan ajiya ba sau ɗaya ba. A watan Afrilu 2020, lokacin kullen korona, Shugaba Muhammadu Buhari ya ba da umurni a fitar da tan 70,000 na abinci, rumbun Minna kuma yana cikin waɗanda aka ɗebo. A ranar 5 ga Fabrairu 2024 mata da matasa suka tare hanyar Minna zuwa Bida a shataletalen Kpakungu suna kukan tsadar abinci, a cikin watan kuma Shugaba Bola Tinubu ya ba da umurni a fitar da tan 42,000 domin a raba wa mabukata.

Iyakar Rumbun Gwamnati

Duk da haka, ya kamata kowa ya yi wannan lissafi da kansa. Idan mutum ɗaya yana cin rabin kilo na hatsi a yini, to, rumbun Minna ko ya cika har baki zai ciyar da mutum miliyan 1 ne na kwana 50 kacal. Jama'ar Nijeriya kuwa sun haura miliyan 200. Bugu da ƙari, kafin a ba da umurni, a yi lodi, a kai jiha, a raba wa ƙananan hukumomi har ya iso ƙauye, makonni sun wuce. In gada ta karye kuma sai abin ya ƙara tsawo.

Waɗanda suka tsara shirin 1987 sun san da haka. Shi ya sa suka kasa ajiyar gida uku: Gwamnatin Tarayya ta riƙe kashi 5 cikin 100 na hatsin da aka noma, gwamnatocin jihohi kashi 10, sauran kashi 85 kuwa ya zauna a hannun manoma da magidanta. Ashe ke nan mafi girman rumbun ƙasar nan shi ne wanda yake warwatse a gidajen jama'a. Idan abin da ke cikinsa ya ruɓe ko ƙwari suka cinye, babu wata hukuma da za ta iya cike gurbin.

Nawa Ya Kamata A Ajiye?

Manomin da ya noma abincinsa ya kamata ya fara ware na shekara, da iri, kafin ya kai ko mudu ɗaya kasuwa. Ma'aikaci ko ɗan kasuwa da ke zaune a gari, wanda awo yake yi, ya yi ƙoƙari ya tanadi na wata uku, ya saya da kaka lokacin da farashi yake ƙasa.

Ga yadda za a ƙiyasta. Gida mai mutum 8, in aka ba kowa rabin kilo a yini, zai ci kilo 4 kullum, kilo 120 a wata, kilo 360 a wata uku. Watau buhu huɗu na hatsi sun isa har da ɗan rara. A kan wannan sai a ƙara kamar rabin buhun wake, domin tuwo kaɗai ba ya gina jiki, da mai, da gishiri, da busassun kayan miya. Wanda ba shi da ƙarfin sayen buhu kada ya karaya. Uwargida da take rage kwano guda daga kowane awo ta zuba a jarka, kafin shekara ta zagayo za ta ga abin mamaki. Maƙwabta ko 'yan adashi kuma suna iya haɗa kuɗi su sayi buhu su raba. A ƙauyuka da yawa na Jihar Maraɗi ta Jamhuriyar Nijar akwai abin da ake kira bankin hatsi, inda mutanen gari suke tara hatsi da kaka a ɗaki guda, su sayar wa junansu da sauƙi ko su ba da rance da damina.

Abokan Gaba Huɗu

Abubuwa huɗu ne suke lalata abincin ajiya: danshi, ƙwari, ɓeraye, da zafi. Danshi shi ne babba, domin shi yake buɗe wa sauran ƙofa.

Hatsin da bai bushe ba yakan yi fumfuna. Wata irin fumfuna da ke kama masara da gyaɗa tana haifar da dafin da masana ke kira afulatoksin. Ba a ganinsa da ido, dafuwa ba ta kashe shi, yana lalata hanta, yana hana yara girma. A ƙasar Kenya a 2004 mutum 317 suka kwanta bayan sun ci masarar da ta kamu da shi, 125 daga cikinsu suka rasu. Saboda haka duk hatsin da ya canza launi, ko yake warin ruɓa, ko ya dunƙule, a zubar da shi. Kada a ba kaji ko shanu, domin dafin yana bi ta cikin nono ya dawo wa mutum.

Wannan gargaɗi ya fi shafar wurare irin su Minna, inda ruwa yake sauka daga Afrilu har Oktoba, ana kuma karyar masara tun ana cikin marka. Abin da manomin Sakkwato ko Katsina zai yi ya kwana lafiya, na Minna ko Bida in ya yi sai ya yi hasara, saboda iskar wurinsa ta fi laima.

Ƙwari kuwa yawanci tun daga gona ake shigowa da su. Ƙwaron masara yakan huda ƙwaya ya saka ƙwai a ciki ya toshe, tsutsar ta yi ta ci daga ciki, bayan kamar wata guda ta fito babban ƙwaro. Na wake yakan saka ƙwansa tun wake yana cikin kwanso, kuma cikin mako uku zuwa huɗu ya hayayyafa. Shi ya sa mutum zai ɗinke buhun wake mai kyau, bayan wata uku ya buɗe ya tarar da huji da gari. Akwai kuma wani ƙwaro baƙo daga Amurka ta Tsakiya wanda aka fara gani a Togo a 1984, daga baya ya shigo Nijeriya. Yana cin masara da busasshen rogo, yana ma huda itacen rumbu.

Ɓera da gafiya suna ci, abin da suke ɓatawa da kashi da fitsari kuma ya fi wanda suke ci. Ta wannan hanya ce ake kamuwa da zazzaɓin Lasa. Zafi kuwa yana gaggauta haihuwar ƙwari, yana sa mai ya lalace, yana kashe iri.

Shanya Da Tsabtacewa

Matakin farko shi ne shanya. A shimfiɗa tamfol ko tabarma, ko a yi amfani da daɓen siminti mai tsabta. Kada a zube hatsi a kan ƙasa tsirara, kada kuma a shanya a gefen kwalta, inda ƙura da man mota da dabbobi suke ɓata shi. A baza shi kada ya yi kauri, a riƙa juyawa, a kwashe kafin raɓar yamma ta sauka. Masara da dawa da gero ana so danshinsu ya sauka zuwa kashi 13 cikin 100 ko ƙasa da haka. Gyaɗa, saboda man da ke cikinta, sai ta sauka zuwa kashi 7 ko 8.

Wanda ba shi da na'urar awon danshi yana da hanya biyu. Ta farko ya ciji ƙwayar: in ta fashe ƙas, ta bushe, in ta lotsa a haƙori da sauranta. Ta biyu ita ce ta gishiri. A sami kwalba mai tsabta wadda ta bushe sarai, a zuba hatsi ya kai sulusinta, a ƙara cokali biyu ko uku na gishirin da aka shanya ya bushe, a rufe, a girgiza na minti ɗaya, a ajiye na minti 15, a sake girgizawa. Idan gishirin ya manne a jikin kwalbar, hatsin bai isa ajiya ba, sai a mayar da shi rana.

Bayan shanya a sheƙe, a tsince tsakuwa da fasassun ƙwayoyi da masu huji, domin ta wurinsu ƙwari da fumfuna suke farawa. A bar hatsin ya huce a inuwa kafin a zuba shi a mazubi, kada zafinsa ya koma gumi a ciki.

Rufewa Yadda Iska Ba Ta Shiga

Ƙwaro mai rai ne, yana numfashi. Idan aka zuba busasshen hatsi a mazubin da iska ba ta shiga, ƙwarin da ke ciki su da kansu za su shanye 'yar iskar da ta rage, su daina ci da haihuwa, su mutu tare da tsutsotsinsu. Ba a bukatar ko ɗigon magani. A kan wannan hikima aka ƙera buhun nan mai ruɓi uku da ake kira PICS, wanda masana na Jami'ar Purdue ta Amurka suka fito da shi tare da masu binciken aikin gona na Afirka, ciki har da na Maraɗi, aka kuma soma yaɗa shi a ƙasashen yammacin Afirka daga 2007. Yana da leda biyu masu kauri a ciki, da buhun saƙa a waje. An fara shi ne domin wake, daga baya aka tabbatar yana aiki ga masara da dawa da shinkafa.

Ga yadda ake amfani da shi. A duba ledojin da kyau, in akwai huji ko yagewa kada a yi aiki da su. A sa leda ta farko cikin ta biyu, a sa su cikin buhun waje. A zuba hatsi ana girgizawa domin ya zauna. A matse iskar da ke sama, a murɗe bakin leda ta farko a ɗaure, sa'an nan ta biyu ita kaɗai, sa'an nan buhun waje. Kada a riƙa buɗewa ana ɗiba, domin duk buɗewa sabuwar iska ce ga ƙwari. Abincin yau da kullum a ware shi dabam.

Duro na ƙarfe ko na roba mai marfin da ke kamawa sosai, da jarka, suna yin wannan aiki, sun kuma fi buhu tsare ɓera. Sharaɗi shi ne a cika su har baki, a toshe marfin da leda ko roba, a ajiye a inuwa. Kada a kuskura a yi amfani da duron da aka taɓa zuba fetur, ko gas, ko maganin ƙwari a ciki, ko da an wanke shi. Sa'an nan a tuna, rufewa ba ta gyara jiƙaƙƙen hatsi. Wanda aka rufe da danshinsa ruɓewa zai yi.

Dabarun gargajiya ma suna nan da amfaninsu. Wake kaɗan, musamman na iri, ana iya gauraya shi da tankaɗaɗɗiyar tokar itace, kwano da kwano, a zuba a tukunya a rufe saman da toka, a liƙe baki. Ana kuma iya kashe ƙwarin wake da rana: a shimfiɗa baƙar leda a kan busasshiyar ciyawa, a baza waken, a lulluɓe da farar leda mai nuna ciki, a naɗe gefuna, a bar shi kamar awa biyu da tsakar rana. Mai rumbun ƙasa kuwa ya share shi sarai kafin kaka, ya ƙone tarkacen bara, ya liƙe tsaguwa, ya gyara jinka, ya tabbatar gindin yana kan duwatsu yadda gara da danshin ƙasa ba za su hau ba. Kada a zuba sabon hatsi a kan tsoho.

Gargaɗi Game Da Magungunan Ƙwari

Wajibi ne jama'a su kula da wannan sashe. Wasu manoma da 'yan kasuwa sukan yayyafa wa wake da hatsi magungunan feshi irin su Sniper, waɗanda ba a yi su domin abinci ba. Wannan guba ce ake ba mutane, kuma hukumar NAFDAC ta sha yin gargaɗi a kai. Ƙasar nan ta yi hasara ta wannan hanya, domin a 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen waken Nijeriya saboda yawan irin wannan magani da aka samu a jikinsa.

Akwai kuma ƙwayar nan da ake sakawa a buhu, wadda wasu ke kira bom. Da zarar ta sha iska sai ta riƙa fitar da wani tururi mai kisa, wanda yake ratsa buhu da tsaguwar bango. Aikin ma'aikatan da aka horar ne, a ma'ajiyar da ba kowa yake kwana kusa da ita ba. Kada a sa ta a ɗakin kwana, ko a ɗakin da ke manne da shi, ko inda yara da dabbobi suke shiga. Mai bukatar shawara ya nemi malamin gona na yankinsa. Cibiyar binciken ajiyar amfanin gona ta ƙasa, mai hedkwata a Ilori da reshe a Kano, da cibiyar binciken hatsi da ke Badeggi kusa da Bida, an kafa su ne domin irin wannan aiki.

Doya, Gari, Mai Da Kayan Miya

Kowane abinci da iyakar kwanakinsa. Tsaba ta fi gari daɗewa, saboda haka a niƙa daidai na mako ɗaya ko biyu. Shanshera ta fi gyararriyar shinkafa jimre wa ƙwari. Gyaɗa ta fi zama lafiya cikin ɓawonta.

Doya abu ce mai rai, cike da ruwa, ba ta son rufewa. A zaɓi wadda ba ta da rauni ko sarar fartanya, a jera ta a kan rumfa a inuwa inda iska take ratsawa, a riƙa dubawa ana cire wadda ta soma ruɓa, ana karye tsiro. Da haka takan kai wata huɗu zuwa shida. Mai son ta wuce nan sai ya fere ya yanka ya shanya ta zama alabo. Rogo ba ya kwana uku bayan an tone shi, amma garin kwakin da aka soya ya bushe sosai yakan yi watanni a mazubi mai marfi.

Manja da man gyaɗa a zuba su a jarka mai tsabta, a cika, a rufe, a ɓoye daga rana da zafin murhu, a kuma fara cinye tsoho. Gishiri da sukari ba sa lalacewa muddin ruwa bai taɓa su ba. Kuka, busasshiyar kuɓewa, kalkashi, barkono, kauɗar tumatir da daddawa, duk a tabbatar sun bushe a zuba a kwalba ko roba mai marfi. Ruwan sha ma abin tanadi ne: a ajiye na 'yan kwanaki a mazubi rufaffe, a riƙa sabuntawa, domin ambaliya takan gurɓata rijiyoyi. A tanadi ɗan itace ko gawayi da ashana a wuri busasshe.

Wurin Ajiya

Ɗakin ajiya ya kasance busasshe, mai sanyi, rufinsa ba ya yoyo. Kada buhu ya taɓa ƙasa ko bango. A jera katako ko itace a ɗora a kai, a bar tazarar da mutum zai iya zagayawa ya duba. A toshe ramukan ɓera, a share ciyawa da shara a kewayen ɗakin, a raba abinci da taki da kananzir. Rumbu kuma a nisanta shi da madafa, a yi masa shara kewaye saboda gobarar hunturu.

Mutanen da ke zaune a bakin kogin Kwara da kogin Kaduna, da waɗanda ke ƙasa da madatsun ruwa na Kainji, Jebba, Shiroro da Zungeru, su saurari sanarwar hukumomi game da ambaliya a gidajen rediyo. Su ɗaga ajiyarsu sama, su kuma raba ta biyu, su kai kashi guda wurin ɗan'uwa amintacce a kan tudu tun kafin watan Agusta. Haka ma mutanen yankunan da ba su da kwanciyar hankali. Ba a fafe gora ranar tafiya. Abincin da ruwan ambaliya ya taɓa kuwa, kada a ci shi.

Duba, Juyawa Da Gaskiya

Ajiya tana bukatar ido. A riƙa shiga ɗakin kowane mako biyu ana duba kashin ɓera, da gari a gindin buhu, da ɗumi ko wari. A rubuta watan da aka zuba kowane mazubi a jikinsa. Wanda aka fara ajiyewa shi za a fara ci, in sabon hatsi ya shigo a mayar da gurbinsa. Ta haka rumbun tsimi ba ya zama fanko, abin da ke ciki kuma ba ya tsufa.

A nan ya kamata a bambance tanadi da ɓoyo. Maigidan da ya ajiye abin da zai ciyar da iyalinsa ya sauke nauyin da ke kansa, ya kuma rage cunkoso a kasuwa ranar da abinci ya yi wuya. Amma wanda ya saye hatsin gari ya kulle domin ya ƙuntata wa jama'a har farashi ya ninka, wannan addini da hukuma duk sun yi tir da shi. Mai tanadi na gari shi ne wanda maƙwabcinsa, da maraya, da wanda ya yi gudun hijira za su sami kwano a ƙofarsa ranar tsanani.

Kammalawa

Gwamnati za ta ci gaba da riƙe nata kason a rumbuna irin na Minna, hukumomin agaji kuma za su ci gaba da kai ɗauki inda masifa ta auku. Amma kwanakin farko na kowace masifa, kafin motar agaji ta iso, abin da ke cikin gida shi iyali za su ci. Saboda haka ana kira ga sarakuna, da hakimai, da dagatai, da limamai, da shugabannin majami'u, da ƙungiyoyin manoma da na mata, su yaɗa wannan bayani a tsakanin jama'arsu. Wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba. A shanya da kyau, a tsince, a rufe, a ɗaga daga ƙasa, a riƙa dubawa, a guji guba. Don tuwon gobe ake wanke tukunya, lokacin soma wannan aiki kuwa shi ne kakar bana.